CIWON HUHU NA FUNFUNA: JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

 Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wata cuta ta huhu wadda takan yi kama da tarin fuka har ta ruɗi mutane, wani lokaci ma ta ruɗi ma'aikatan asibiti. Asalinta funfuna ce, watau irin abin nan da kan fito a jikin tuwon da ya kwana biyu, ko a jikin hatsin da aka zuba a rumbu bai gama bushewa ba. Hakimi shi ne idon Sarki a ƙasarsa, Malami kuwa shi ke riƙe da alƙalami. Sabo da haka in su biyun nan suka fahimci al'amarin, talakawa sun fahimta.

Kowa ya san ƙyasfi da makero, waɗanda su ma dangin funfuna ne ke kawo su, amma iyakar ɓarnarsu fata. Wadda ake magana a kanta yanzu ta fi su mugunta nesa, gama cikin huhu take sauka, ta ci namansa, wani lokaci ta bi jini ta kai ga ƙashi ko ƙwaƙwalwa. An daɗe da sanin cewa funfuna takan kama waɗanda garkuwar jikinsu ta raunana, kamar masu ciwon ƙanjamau da masu shan maganin sankara. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne akwai waɗansu ire-irenta da kan kayar da ƙato lafiyayye, manomi ko magini, wanda bai taɓa kwanciya asibiti ba.

YADDA TAKE SHIGA JIKI

Funfuna tana yaɗuwa ne ta wurin irinta, wani gari mai laushi ƙwarai wanda iska ke ɗauka. Ƙanƙantarsa ta kai in aka jera ƙwaya goma ba za su kai kaurin gashin kai guda ba, don haka ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Kowane mutum yana shaƙar wannan iri kullum, a gida da daji, bai kuwa san yana yi ba. Majinar hanci da ta maƙogwaro sukan tare waɗansu, waɗanda suka tsere suka kai ƙasan huhu kuwa akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu tsaro a can da kan haɗiye su su kashe. Dalili ke nan da ya sa yawancin mutane ba su jin kome.

To, ta hanya uku lafiyayye kan faɗa hannunta. Ta fari ita ce yawa. In mutum ya shiga ɗaki rufaffe ya tayar da ƙurar da ke cike da irin, ya shaƙi mai yawa a lokaci guda, sai masu tsaron nan su kasa, gama sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ta biyu ita ce halin funfunar kanta. Akwai waɗansu da in suna cikin ƙasa zare-zare ne kamar auduga, amma da sun ji ɗumin jikin mutum sai su sāke kama, su zama 'yan ƙwayoyi, su zauna cikin masu tsaron da suka haɗiye su suna hayayyafa. Ta uku ita ce tabo. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke, sau da yawa akan bar shi da kogo a huhu, funfuna kuwa takan sami wannan kogo ta yi gida a ciki, ko da jikin mutumin na da ƙarfinsa.

TA KASHIN JEMAGE DA TSUNTSAYE

Babbar wadda ya kamata a sani sunanta Histofilasma. Wani likita Ba'amurke, Samuel Darling, shi ya fara ba da labarinta a shekara ta 1906, sa'ad da yake aiki a ƙasar Fanama lokacin da ake haƙa babbar mashigar ruwan nan ta jiragen ruwa. Da fari ya zaci dangin ƙwayar zazzaɓi ce, sai a 1934 aka tabbatar funfuna ce. A wajejen 1945 likitocin Amurka suka lura akwai mutane da yawa da hoton ƙirjinsu ke nuna tabo irin na tarin fuka, alhali kuwa gwaji ya nuna ba su taɓa kamuwa da shi ba. Da aka bincika sai aka tarar aikin Histofilasma ne, har aka iske waɗansu an tsare su a asibitocin masu tarin fuka ana yi musu maganin cutar da ba su da ita.

Mazauninta ƙasa ce mai laima wadda kashin jemage ko na tsuntsaye ya daɗe yana zuba a kai. Sabo da haka akan same ta a kogon dutse, da kogon itace, da tsohon akurki, da ɗakin tattabaru, da gindin itacen da tsuntsaye ke kwana, da saman silin inda jemagu suka yi shekaru. Tsuntsaye ba su kamuwa da ita don zafin jikinsu ya yi mata yawa, kashinsu dai taki ne gare ta. Jemage kuwa yana kamuwa, yana kuma kai ta daga wuri zuwa wuri. A birnin Indiyanafolis na Amurka, tsakanin 1978 da 1979, an ƙiyasta mutum fiye da 100,000 suka shaƙe ta a annoba guda, ko da yake yawancinsu ba su kwanta ba.

Kada a ce wannan abin Amurka ne kaɗai. Akwai wani reshe nata na Afirka wanda likitocin Beljiyam suka bayyana a 1952, shi ya fi cin fata da ƙashi da kaluluwa, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da aka fi samunsa. A 1994 masana suka ba da labarin sun same shi a ƙasar kogon Ogbunike, cikin Jihar Anambra, inda jemagu ke zama. A 2022 kuma aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a Kalaba a kan mutum 213 da ake zaton tarin fuka gare su, aka sami alamar Histofilasma a jikin 27 daga ciki.

Wanda ya shaƙi ƙurar da yawa, ciwon kan taso masa tsakanin kwana 3 zuwa 17. Yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, da busasshen tari da ciwon ƙirji. Mai sauƙi yakan warke da kansa cikin 'yan makonni. Mai tsanani kuwa numfashi kan gagare shi har sai an sa masa iskar asibiti, in ba a yi hanzari ba ya rasu. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya, wanda yakan ɗauki watanni yana ramar da mutum, da gumin dare da kaki mai jini, shi ne ya fi kama da tarin fuka.

TA RUMBU DA JUJI

Ta biyu sunanta Asfajilus, ita ce mai launin toka-toka ko kore ko baƙi da kan fito a jikin ruɓaɓɓen hatsi da harawa da ƙaiƙayi da juji. Babu ƙasar da ba ta a duniya. Ta fi damun waɗanda suka taɓa yin tarin fuka. Takan shiga kogon da ciwon ya bari ta dunƙule kamar curin fura, tana cin gefen kogon a hankali yana ƙara faɗi. Mutum ya gama shan maganinsa na wata shida, an ce ya warke, bayan shekara ɗaya ko biyu sai tari ya komo, da kasala da rama da tofar da jini. A gwada kakinsa ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, amma sau da yawa sai a sāke ɗora shi a kan maganin nan dai, ya sha wata shida a banza, huhu kuwa na ƙara lalacewa. A wani bincike da aka yi a Legas da Ilori, aka buga a 2017, an duba mutum 208 waɗanda ake yi wa maganin tarin fuka ba a ga ƙwayar a kakinsu ba ko kuwa maganin bai yi musu aiki ba, aka tarar kusan 9 cikin 100 wannan funfuna ce ke cinsu.

Ban da wannan, Asfajilus takan auka wa lafiyayye farat ɗaya in ya shaƙi ƙurar ruɓaɓɓen ganye ko taki mai yawan gaske, ko da yake wannan ba kasafai yake faruwa ba. Takan kuma bi bayan mura mai tsanani wadda ta kai mutum ga kwanciya, gama murar ta riga ta ɗaye fatar hanyar numfashi. An ga haka da yawa a asibitocin duniya lokacin annobar korona ta 2020.

WAƊANSU NA ƘASASHEN WAJE

Ya kamata a san kaɗan daga na waɗansu ƙasashe, tun da yake yanzu 'yan kasuwa da ɗalibai na zuwa ko'ina. A busassun yankunan Amurka, musamman Arizona da Kalifoniya, da Meziko da waɗansu sassan Amurka ta Kudu, akwai wata da ke zaune cikin turɓaya, ana kiran ciwonta zazzaɓin kwari. A Ajantina aka fara bayyana shi a 1892. A shekara ta 2019 an rubuta mutum wajen 20,000 da suka kamu a Amurka. Sa'ad da aka yi girgizar ƙasa kusa da birnin Los Anjalis a 1994, ƙurar da ta tashi daga duwatsu ta sa mutum 203 suka kamu, 3 suka mutu. Wannan funfuna ta nahiyar Amurka ce, don haka kada a ɗora wa hazon hunturu laifinta.

A tsibirin Bankuba na ƙasar Kanada, daga 1999, wata mai zama a jikin itatuwa ta fara kama mutane da dabbobi, tana cin huhu da ƙwaƙwalwa. Zuwa 2007 an ƙidaya mutum 218 a wannan lardi, 19 suka mutu, da yawansu kuwa ba su da wani ciwo mai raunana garkuwar jiki. A 2023 kuma, a wata masana'antar takarda da ke garin Eskanaba cikin Jihar Mishigan, ma'aikata 162 suka kamu da wata mai zama cikin damshin ƙasa da ruɓaɓɓen itace, ɗaya ya mutu. Duk waɗannan majiya ƙarfi ne masu zuwa aiki kullum.

Sabo da irin waɗannan abubuwa ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 mafiya haɗari ga ɗan Adam a watan Oktoba na 2022, karo na fari ke nan da ta yi haka. A 2024 kuma Farfesa David Denning na Jami'ar Mancesta a Ingila ya ƙiyasta mutum wajen miliyan 6.5 ke kamuwa da ciwon funfuna mai tsanani kowace shekara a duniya, kuma wajen miliyan 2.5 ke mutuwa ta dalilinsa kai tsaye.

KAMA DA WANE BA TA WANE

A nan akwai wurin yin hattara. Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, sabo da haka duk wanda ya yi mako biyu yana tari, abin da za a fara nema a jikinsa tarin fuka ne. Gwajin kaki da na'urar GeneXpert da maganin kansa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe don wannan aiki. Kada wani ya ji wannan jawabi ya ajiye maganinsa ya ce ai funfuna ce. Wanda ya yanke shan magani kafin lokaci ya cuci kansa ya cuci iyalinsa.

Amma akwai alamu da in an gan su ya kamata a tuna wa likita batun funfuna. In an gwada kaki an sāke gwadawa ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, mutum kuwa na ta ramewa. In ya yi wata biyu yana shan magani a kan ƙa'ida bai ji sauƙi ba. In ya warke tuntuni sa'an nan tari da jini suka komo. In ciwon ya taso bayan ya share silin, ko ya rushe tsohon gini, ko ya kwashe kashin kaji, ko ya yashe tsohon rumbu. Mafi ƙarfin alama duka ita ce a ga mutum biyu ko uku da suka yi aiki guda a wuri guda sun kwanta da zazzaɓi da tari cikin mako biyu ko uku.

Ba a gane wannan cuta da ido. Sai an ɗauki hoton ƙirji, an gwada jini ko fitsari, wani lokaci a shuka kakin a ɗakin gwaji a jira makonni a ga abin da zai tsiro. Irin waɗannan gwaje-gwaje sun fi samuwa a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Sakkwato da Maiduguri da Jos. Don haka in likitan ƙaramin asibiti ya ba da takardar zuwa gaba, lalle ne dangi su daure su kai mara lafiya, kada su koma gida da takardar a aljihu.

MAGANI

Cutar tana da magani, amma ba irin wanda aka saba ba. Kafso da allurar da ake yi wa ciwon haƙarƙari ba su taɓa funfuna ko kaɗan, haka ma maganin tarin fuka. Mai tsanani akan kwantar da shi a ƙara masa wani magani ta jijiya mai suna amfoterisin, wanda aka samo a 1955 daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasar bakin kogin Orinoko a Benezuwela. Yana da ƙarfi, yana kuma wahalar da ƙoda, sabo da haka sai a gaban likita. Bayansa akan ci gaba da ƙwayoyin itirakonazol ko borikonazol. Histofilasma mai aukawa farat ɗaya takan ci wajen mako 12 ana magani, mai tafiyar hawainiya shekara guda ko fiye. Asfajilus ta cikin kogo wata shida ne mafi ƙaranci, wani lokaci ma sai an yi aiki an yanke wurin in jini ya yi yawa.

Abu uku ya kamata Malamai su riƙe. Na ɗaya, fulukonazol da ake sayarwa a kemis don ƙaiƙayin fata da na mata ba ya kashe Asfajilus. Na biyu, rifamfisin da ke cikin maganin tarin fuka yana karya ƙarfin itirakonazol, don haka ba a haɗa su sai yadda likita ya tsara. Na uku, magungunan nan na iya taɓa hanta, kuma ba su dace da mai ciki ba sai da shawarar likita. Akwai kuma ƙwayoyin da mutane ke saya don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, irin su dekzametason da faradinisolon. Wanda ya daɗe yana shansu ya rushe garkuwar jikinsa da hannunsa, ya buɗe wa funfuna ƙofa. Haka kuma mai ciwon sukari da bai kula da shi ba.

Wajibi ne a sanar da jama'a cewa waɗannan cututtuka ba a ɗaukarsu daga mutum zuwa mutum. Daga ƙura ake samunsu. Wanda likita ya tabbatar funfuna ce kaɗai ke damunsa, babu dalilin ware masa ƙwarya ko hana shi zama cikin mutane.

ABIN DA AKE BUKATA GA HAKIMAI

Rigakafi ya fi magani, ga shi kuwa har yanzu babu allurar rigakafin wannan cuta, sai dai kiyaye ƙura. Ana roƙon kowane Hakimi ya tara Dagatai da Masu Unguwa da Sarkin Noma da Sarkin Magina ya bayyana musu waɗannan ƙa'idodi, su kuma su kai wa jama'arsu.

1. Kafin a share akurki, ko ɗakin tattabaru, ko saman silin, ko tsohon soro da aka daɗe ba a buɗe ba, a yayyafa ruwa sosai har ƙurar ta kwanta. A kwashe da shebur a zuba cikin buhu. Kada a share da tsintsiya a bushe.

2. Mai aikin ya sa takunkumi irin wanda ake kira N95, ya matse shi a hanci da haɓa. Rawani ko ƙyalle yana rage babbar ƙura, amma irin funfuna na ratsa shi.

3. A buɗe ƙofofi da tagogi kafin a fara. A kori yara daga wurin. Tsofaffi da masu ciki da masu ciwon sukari da waɗanda suka taɓa yin tarin fuka kada a sa su wannan aiki.

4. Makarantu da ɗakunan shan magani da sauran gine-ginen jama'a da jemagu suka shiga rufinsu, a jira su fita da almuru a toshe kafofin, sa'an nan a kwashe kashin yadda aka faɗa. Kada a sa 'yan makaranta sharar. Kada kuma a bi jemagu da kisa, gama ƙananansu na cinye ƙwari, manyansu kuwa su ke barbarar furen kuka da na ɗorawa.

5. A bar hatsi da gyaɗa da harawa su bushe sarai kafin a adana. Rumbun da ke yoyo a gyara shi tun kafin damina. Abin da ya riga ya yi funfuna a jiƙa shi a binne, kada a sheƙe shi a iska, kada kuma a ci ko a ba dabba.

6. Masu sayen kashin kaji don taki su jiƙa shi kafin su juye buhu, su tsaya ta inda iska ke fitowa.

AIKIN MALAMAI

Malamin Hakimi na da babban rabo a cikin wannan aiki. In zai rubuta wa mara lafiya takarda zuwa asibiti, ya sa sana'arsa, da aikin ƙura da ya yi kafin ciwon ya taso, da ranar da ya yi shi, da ko ya taɓa shan maganin tarin fuka da shekarar da ya sha. Layi biyun nan na iya rage wa mutum wata shida na shan maganin da ba nasa ba, gama likita na ganin mutane da yawa a yini, ba kullum yake samun sukunin tambayar kowa inda ya shiga ba. Ya kuma riƙe littafi na waɗanda suka gama maganin tarin fuka a gundumar, a riƙa tambayar lafiyarsu ta hannun Masu Unguwa, wanda tari ya komo masa a tura shi asibiti da wuri. In kuwa aka ji mutane da dama sun kwanta bayan aiki guda, a dakatar da aikin, a hana shiga wurin, a aika wa jami'in lafiya na Ƙaramar Hukuma a ranar, kada a jira taron wata.

Talaka yakan ji maganar Hakiminsa fiye da takardar da aka manna a bangon asibiti. Magini ko manomi da ciwon huhu ya kwantar shekara guda, gidansa duka ya shiga wahala, alhali kuwa bokitin ruwa da takunkumi guda sun isa su tsare shi. Ana fatan Hakimai za su sa a karanta wannan jawabi a majalisarsu, a kuma maimaita shi a farkon rani, lokacin da ake gyaran gidaje da rumbuna. Iyakar jawabin ke nan.